Tsaurara, Tsananta, Ƙarfafa ko Taurara: Wacce Za Ka Ɗauka?

Kalmar "tsaurara" ta cinye 'yan'uwanta a labaran Hausa. An ƙara shingayen bincike a hanyar Gusau, sai ka ji an ce an tsaurara matakan tsaro. An sayo wa sojoji motoci da makamai, an tsaurara matakan tsaro. An rufe kasuwar ƙauye, mai sayar da awaki ya rasa inda zai kai dabbarsa, nan ma dai an tsaurara matakan tsaro. Alhali abu uku ne daban, kuma Hausa ba ta rasa kalmar da za ta kira kowannensu ba. Abin yana damuna, domin mai sauraro a ƙauye da wannan kalma ɗaya zai auna ko abin da aka yi taimako ne gare shi ko wahala ce ke tafe. Wanda ya riƙe alƙalami, ko ɗan jarida ne, ko shugaban makaranta mai rubuta wa iyaye takarda, ko sakataren ƙungiya, bai kamata ya ɗauki wadda ta fara faɗo masa a baki ba.

Yawancin waɗannan kalmomi gida ɗaya suka fito. Akwai wani rukunin sunaye a Hausa da ke nuna yanayin da jiki ke ji: tauri, tsauri, ƙarfi, kauri, kaushi, zafi, sanyi, faɗi, zurfi, nauyi. Wani Bature masanin Hausa, F. W. Parsons, ya yi nazari a kansu tun 1955, ya nuna yadda suke tafiya bai ɗaya. Daga kowanne ana samun aikatau ta hanyar maimaita baƙin ƙarshe: tauri ya ba da taurara, tsauri ya ba da tsaurara, ƙarfi ƙarfafa, zafi zafafa, faɗi faɗaɗa, kaushi kausasa. Ana kuma samun sifa ta hanyar ninka gaɓar farko: tattaura, tsattsaura, ƙaƙƙarfa, zazzafa, kakkausa. Jam'in sifar a rubuce kamarsa ɗaya da aikatau, shi ya sa muke cewa "tsauraran matakai" da "ƙarfafan maza". Tsananta ita ce baƙuwa a cikinsu, daga "tsanani" ta fito da ƙarin "-ta". Amfanin sanin wannan shi ne, duk lokacin da aikatau ya rikice maka, koma wa sunan da ya haife shi ka tambayi kanka: wannan abin da nake magana a kai, tauri ya yi, ko tsauri, ko ƙarfi, ko tsanani?

Taurara ta fi sauƙin warewa, don ita ta abin da hannu ke taɓawa ce. Nama ya yi tauri, tuwo ya kwana ya yi tauri, ƙasa ta yi tauri gatari na tsalle a kanta. Je ka maƙera ka tsaya ka ga yadda ake gama bakin gatari. Maƙeri zai mayar da shi wuta, yaro na ta zuga, har bakin ya yi ja. Sai ya ɗauko shi da awartaki ya tsoma a ruwa, ka ji "cuu", tururi ya tashi. Wannan tsomawar ita ke taurara ƙarfen. Maƙerin da ya san aikinsa ba ya bari taurin ya wuce kima, domin bakin da ya cika tauri ɓallewa yake yi in ya haɗu da itace mai gardama. Nan kalmar take zaune daram. In ta bar abin hannu, wurin hali take zuwa, kuma kusan kullum ba yabo ba ne: taurin kai, taurin bashi, zuciya ta taurare. Ban da 'yan tauri, waɗanda taurinsu na jiki ne da ake cewa wuƙa ba ta ci. Saboda haka kada ka rubuta "an taurara doka". Doka ba dutse ba ce, mai karatu zai gane nufinka amma kunnensa zai ƙi.

Kusa da taurara akwai wasu uku da kowa ya sani, ba su buƙatar dogon bayani. Daskarewa ta abin da ya kasance ruwa-ruwa ce, kamar man shanu da sanyin hunturu, ko kwaɓin siminti da aka bari. Sandarewa ta abin da da yana lanƙwasuwa ce yanzu ya miƙe kamar sanda, ƙafa ta sandare, gawa ta sandare. Ƙandarewa kuma bushewa ce ta kawo ta, irin ta fatar da aka shanya aka manta. In kuwa abin da kake nufi shi ne kaya su daɗe ba su lalace ba, to ba tauri kake nema ba, ƙwari ne ko ƙarko. Takalmi mai tauri ciwo yake ji wa ƙafa, takalmi mai ƙarko shekara yake yi.

Inda aikin yake shi ne tsakanin tsaurara da tsananta da ƙarfafa, kuma hanyar da na ga ta fi saurin raba gardama ita ce ka nemi kishiyar kalmar. Ka ce a ranka, in gobe aka warware wannan abin, me za a ce an yi? In za a ce an sassauta, to yau tsaurarawa aka yi. In za a ce an sauƙaƙa, ko abin ya yi sauƙi, to tsanantawa ce. In za a ce ya raunana, to ƙarfafawa ce. In za a ce an tausasa, to ka koma wa taurara ko kausasa. In kuwa za a ce jama'a sun samu walwala, sun sarara, to abin da aka yi musu ƙuntatawa ce ko takurawa.

Ɗauki tsaurara. Doka kamar igiyar ɗaurin kaya take, ana iya ja ta ɗame har yatsa ba zai shiga ba, ana iya sakinta kaɗan. Igiyar ɗaya ce, kayan ɗaya ne, sararin da ke tsakani ne ya ragu. Haka tsaurarawa take: dokar tana nan tun da, abin da aka yi shi ne toshe kafar da mutane ke bi. Shi ya sa take zama lafiya da doka, sharaɗi, ƙa'ida, bincike a ƙofa, sa ido. Lokacin korona a 2020, an sa dokar kulle a Kano cikin watan Afrilu, daga baya aka riƙa sakin mutane ranakun Litinin da Alhamis su fita cefane. Kowa a gari "an sassauta" yake cewa, ba wanda ya ce "an raunana dokar".  Ɗauki kuma rufe iyakokin ƙasa da Najeriya ta yi a Agustan 2019. Rufewar kanta sabon mataki ne, "an rufe" kawai ya isa. Amma da aka zo a Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wannan ita ce tsaurarawa ta gaskiya, ƙari a kan abin da yake akwai. Da aka buɗe iyakokin Illela da Maigatari da Seme da Mfum a Disambar 2020, aka ce an sassauta, domin haramcin shigo da shinkafa bai tashi ba.

Wannan batu na "tun da akwai shi" yana da muhimmanci, kuma nan ne ake yawan zamewa. Ba a tsaurara abin da yanzu aka ƙirƙiro shi. Sabon sharaɗi gindaya shi ake yi. Sabuwar doka kafa ta ake yi, ko a sa ta. In kuwa an ɗora wa mutane ita ba da son ransu ba, ƙaƙaba ta aka yi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan Nijar suka fi sani da CEDEAO, ƙaƙaba takunkumi ta yi, kuma da aka zo 24 ga Fabrairun 2024 ɗage shi ta yi. Wanda ya rubuta "ta tsaurara takunkumi" a ranar farko ya sa mai karatu tunanin dama akwai wani takunkumin a ƙasa.

Tsaurara kalma ce mai kame baki. Ba ta yabo, ba ta zargi. Tana gaya maka an matse, ba ta gaya maka ko matsewar ta yi kyau. Wannan ne ya sa 'yan jarida ke son ta, kuma hakan daidai ne a muhallinta. Sai dai a kula da 'yar'uwarta "tsattsauran ra'ayi", wadda ita kam ta riga ta zama tambari. Da zarar ka liƙa wa mutum ita, mai karatu ya ajiye shi kusa da masu ɗaukar makami. Malamin da ba ya wasa da ƙa'ida, ka ce yana da tsauri, ko ba ya sassauci, ko mai ra'ayin riƙau ne. Kada ka ba shi sunan da zai bi shi har gida.

Tsananta kuwa ba sarari take aunawa ba, nauyi take aunawa. Tsanani shi ne abu ya kai maƙura: tsananin zafi, tsananin yunwa, tsananin ciwo, har ma tsananin so da tsananin murna. Fuska biyu gare ta, kuma a rubuce ba a bambanta su sai a furuci. Akwai wadda abu ke yi da kansa: ciwo ya tsananta, fari ya tsananta, tsadar rayuwa ta tsananta bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. A nan tsaurara ba ta shiga ko kaɗan, ba a cewa ciwo ya tsaurara. Maƙwabtanta a wannan gefe su ne ta'azzara da ƙazanta da yin ƙamari, dukkansu na mugun abu ne kaɗai. Rikici ya ƙazanta idan jini ya zuba, sata ta yi ƙamari idan ta zama ruwan dare. Sannan akwai wadda wani ke yi: an tsananta bincike, an tsananta hare-hare, an tsananta addu'a. Lura da bambancin "tsananta bincike" da "tsaurara bincike". Na farko, 'yan sanda sun duƙufa neman wanda ya yi laifi, dare da rana. Na biyu, mai gadi a ƙofa ya daina ɗaga wa kowa hannu, sai ya buɗe jaka.

Da zarar ka sa "wa" a bayanta, maganar ta koma ƙorafi. "Malam, kana tsananta wa yaron nan," in ji uwa ga maigidanta, ba tana nufin dokar gidan ta yi yawa ba, tana nufin yaron yana shan wuya fiye da laifinsa. Kuma kalmar tana ɗauke da nauyin addini a kunnen Bahaushe. Hadisin Anas da ke cikin Buhari da Muslim, malamanmu da "ku sauƙaƙa, kada ku tsananta" suke fassara shi. Ayar Suratus Sharhi ma haka muke jin ta a wurin tafsiri, cewa tare da tsanani akwai sauƙi. Saboda haka in ka ce shugaba ya tsananta wa talakawa, ka riga ka yanke masa hukunci, ko ka sani ko ba ka sani ba. In abin da kake nufi ke nan, faɗi, kada ka ɓoye a bayan tsaurara. In ba shi kake nufi ba, to ka guje ta.

Ƙarfafa ita ce mai farin jini a cikinsu, kuma ita ce jami'an hulɗa da jama'a ke rububi. Kishiyarta rauni, don haka duk abin da aka ƙarfafa an yi masa alheri ne: ƙarfafa zumunci, ƙarfafa gwiwa, ƙarfafa ginshiƙin gini, ƙarfafa hujja da wata hujja. Tambayar da za ka yi ita ce, wa ya samu ƙari? In an ɗauki sababbin 'yan sanda, an gyara musu motoci, an biya su haƙƙinsu a kan kari, tsaro ya samu ƙari, an ƙarfafa shi. In kuwa 'yan sandan nan ne dai, motocin nan ne dai, sai dai yanzu ba mai wucewa bayan ƙarfe goma na dare, ba abin da ya ƙaru sai ƙa'ida, tsaurarawa ce. Ana iya tsaurara tsaro ba tare da an ƙarfafa shi ba, kuma duk wanda ya taɓa kwana a layin shingen bincike alhali daji na gefensa ba kowa ya san haka. Ina roƙon masu fassara sanarwar gwamnati su riƙa tsayawa a nan. Sanarwar za ta so a ce "ƙarfafa", aikinka ne ka duba ka ga ko an ƙara wani abu da gaske.

Watan Satumban 2021 a Zamfara misali ne da ya tara su duka wuri guda. An katse layukan waya a faɗin jihar, an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da mai a jarka, an hana safarar shanu a mota. Katsina ma ta ɗauki irin waɗannan matakai, har da rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. A bakin gwamnati, an ɗauki tsauraran matakai don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai da abinci da labari. A fagen daga, sojoji sun tsananta farmaki. A wurin matar da ɗanta ke aiko mata kuɗi daga Legas ta waya, rayuwa ta ƙuntata. Jimlolin nan uku duk gaskiya ne, kuma labarin da ya kawo ɗaya ya bar biyu bai cika ba. Wanda ya tattara su ya ce "an ƙarfafa tsaro" kuwa, ya faɗi abin da sai bayan watanni za a iya tabbatarwa.

Ga ƙuntata da takura, su daga ɓangaren wanda abin ya faɗa wa suke magana. Ƙunci rashin sarari ne, a ɗaki ko a zuciya ko a aljihu. Takurawa hana sakewa ce, baƙo ma yana iya takura maka ba da mugun nufi ba. Gallazawa ta fi su duka muni, akwai ganganci da zalunci a cikinta, kada ka rubuta ta sai kana da hujjar da za ka kare kanka. Matsa lamba da matsa ƙaimi kuma ba ƙa'ida suke ƙarawa ba, turawa suke yi a yi wani abu. Ƙaimi dai na mahayin doki ne, shi ya sa "ƙara ƙaimi" ke nufin a ƙara himma, kuma ana iya faɗa wa ɗalibi ita cikin ƙauna.

Akwai wata kalma da nake ganin an yi sakaci da ita a rubutu alhali tana raye a kasuwa: tsawwala. Ita ce ta kuɗi da buƙata. Mai gida ya tsawwala kuɗin haya, dangin amarya sun tsawwala kayan aure, mutum ya tsawwala wa kansa. "Haba Alhaji, kada ka tsawwala mana, ka san yanayin gari," haka ɗan haya zai ce, kuma ba wata kalma da za ta zauna a wurin ta yi daidai. Kana jin "an tsaurara farashi" ka san marubucin ya manta da ita ne. Haka kuma idan magana ce ta yi zafi, kausasa ce kalmar: ya kausasa harshe, ya yi kakkausar suka, ya yi gargaɗi da kakkausar murya. Kaushi na abin da ke karce fata ne, magana mai kaushi ma karce take yi.

Wani lokaci kuma mafita ita ce ka bar su duka ka faɗi abin da aka yi. A Disambar 2022 Babban Bankin Najeriya ya ce mutum ba zai cire fiye da naira 100,000 a mako ba, da aka yi ca sai ya mayar da shi 500,000. Kalmar da ta dace da farko ita ce ƙayyade ko taƙaita, ta biyu kuma sassauta. Abin da ya biyo baya a farkon 2023, lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000, mutane na kwana a bakin banki, shi ne ƙarancin kuɗi ya tsananta. "An tsaurara harkar kuɗi" ba ta gaya wa kowa komai, adadin shi ne labarin.

Shugaban makarantar da zai rubuta wa iyaye ya fi kowa buƙatar wannan tacewa, domin takarda ɗaya na iya tara masa iyaye a ofis da safe. In ya rubuta "za mu tsananta wa masu makara", uwa za ta ga bulala a idonta. In ya rubuta "za mu ƙarfafa zuwa da wuri", ba wanda zai canza komai, an ɗauka nasiha ce. Abin da yake nufi shi ne "mun tsaurara dokar makara, daga Litinin za a rufe ƙofa da ƙarfe bakwai da rabi". Iyaye sun san dokar dama tana nan, sun san yanzu ba ɗaga ƙafa, sun kuma san lokacin.

Wuri ɗaya da na yarda kalmomin biyu suna gogayya da gaske shi ne hukunci. Ana cewa tsaurara hukunci, ana cewa tsananta hukunci, duka biyun Hausa ce mai kyau. Ni dai ga yadda nake raba su. In majalisa ce ta zauna ta gyara doka, ta cire zaɓin tara, ta ce laifi kaza ɗauri ne ba makawa, na fi son tsaurara, domin alƙali aka rage wa sarari. In kuwa alƙali ne yana da zaɓi tsakanin shekara biyu da shekara bakwai ya ɗauki bakwai, na fi son tsananta, domin a kan mutum ɗaya nauyin ya sauka, kuma lauyansa in ya tashi roƙo, sauƙi zai nema masa.